Ƙuri'ar gado a hostal: in jira sakamako ko in saya a hannun wadda ta samu?

'Yar Funtuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin ranar Juma'a da ƙarfe 12 na dare za a rufe fotal, wato shafin intanet na makaranta da ake neman gadon hostal.

Ina aji biyu a sashen harhaɗa magunguna, a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke kudu maso yamma. Bara ban sha wahalar wurin kwana ba, saboda sababbin ɗalibai ake fara ba wa gado. A takarda mu shida ne a ɗaki, amma kafin jarrabawar zangon farko mun kai goma sha ɗaya idan an haɗa da 'yan raɓe. Ruwa sai an yi sammako, banɗaki sai an bi layi. Duk da haka wallahi hankalina a kwance yake. Tafiyar minti goma ce a ƙasa zuwa ajinmu, ina iya karatun dare in dawo ƙarfe ɗaya ba fargaba, ga masallaci kusa, ga masu gadi a ƙofa.

Bana lamarin ya canja. Sun ce za a fara ware wa 'yan aji ɗaya, da 'yan ajin ƙarshe, da masu lalura ta musamman, da 'yan wasan da ke wakiltar makaranta. Abin da ya rage shi ne mu 'yan tsakiya za mu yi ƙuri'a a kansa. A da, kamar yadda yayyenmu suka ba mu labari, fotal ake buɗewa ƙarfe goma na safe, mai saurin hannu da ƙarfin sabis ya kama gado, cikin 'yan mintuna komai ya ƙare. Yanzu sun ce an daina wannan. Kwana biyar aka bayar kowa ya cike fom, bayan an rufe kwamfuta ta zaɓo sunaye. Akwai kuma wurin da mutum huɗu za su iya haɗa lambobinsu su shiga a matsayin rukuni ɗaya, in sun ci a ba su ɗaki ɗaya.

Abin da ya hana ni barci shi ne, sharaɗin da Baba ya gindaya kafin ya yarda na zo kudu karatu, zama a cikin makaranta ne. Ya faɗa a gaban Mama da Kawu cewa ranar da na rasa hostal ranar zan dawo gida. Baba hatsi yake sayarwa, mu tara ne a gabansa, kuma ko da zai yarda da zaman waje, haya a bakin ƙofar makaranta ta shekara guda ake biya lokaci ɗaya, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya, ga kuɗin mota kullum. Dubu ashirin ɗin da nake samu a wata daga NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, abinci da kwafin takardu ke cinye ta.

To sai ga wata 'yar ajin ƙarshe, gidan iyayenta a cikin garin nan yake, an riga an ba ta gado kuma ba ta buƙatarsa. Ta ce za ta bar mini a kan ninki huɗu na kuɗin da makaranta ta sa, in ba ta rabi kafin Laraba. Sunanta ne zai ci gaba da zama a kan gadon, katin shiga hostal ma nata ne, ta ce masu gadi ba sa dubawa.

Kawu kuma da ya ji kalmar ƙuri'a sai ya ce wa Baba ai wannan caca ce, kada ya turo ko sisi. Yanzu Baba ya ce sai ya ji bayani.

Shin cike fom da wuri yana ƙara wa mutum sa'a? Mu shiga mu huɗu ni da ƙawayena ko kowa ta shiga ita kaɗai? Me zan ce wa Baba? Kuma gadon nan na sayarwa, in karɓa? Ban taɓa ɓoye wa Baba komai ba, kuma ba na son in fara daga nan.

Tsohuwar 'Yar Hostal ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta taɓa ƙona ni. Kada ki saya.

Ina aji uku a tawa makarantar na sayi gado a hannun wata, da kuɗin da mahaifiyata ta samu bayan ta sayar da tunkiyarta. Wata biyu ina zaune lafiya. Saura kwana tara a fara jarrabawa, da misalin ƙarfe biyu na dare, aka zo bincike ɗaki ɗaki, ana haɗa fuska da hoton da ke kan kati. Aka fito da mu tsakar gida da kayanmu a buhu. Washegari na kira wadda ta sayar mini, wayarta a kashe. Daga baya na gano rabin gadon ma ta karɓi kuɗin wata ɗaliba a kansa, wai ta zo ta raɓa da ni a zango na biyu. Ba inda zan kai ƙara, domin da na buɗe baki ni ce farkon mai laifi. A falon wata malama na kwana har na gama jarrabawar, Allah ya saka mata da alheri, kuma kwas biyu na faɗi a zangon nan. Har yau ban iya gaya wa mahaifiyata gaskiyar inda kuɗin tunkiyar ya tafi ba, kuma abin yana ci mini rai.

Maganar "masu gadi ba sa dubawa" gaskiya ce har ranar da za su duba.

Yanzu ga abin da yake hannunki. Yawancin waɗanda na sani da suka rasa gado, ba ƙuri'a ce ta kayar da su ba, tun kafin a jefa ta sunansu bai shiga ba. Ki buɗe fotal yau ki tabbatar kuɗin makarantar da kika biya ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, ya nuna a shafinki, domin riƙe rasit a hannu daban, shigarsa kwamfutarsu daban. In bai nuna ba, ki ɗauki lambar RRR, wato lambar biyan da ke kan rasit ɗin Remita, ki je ofishin kuɗi da ƙafarki. Ki duba rajistar kwasakwasanki ta kammala. Ki duba an rubuta aji biyu, an rubuta mace, don na ga wadda aka rubuta wa namiji, hostal ɗin maza kaɗai ke fito mata. Da kin tura fom ki ɗauki hoton allon, ki kuma buga a takarda.

Abu mafi muhimmanci, kuɗin gadon su kasance a asusunki kafin ranar sakamako. Wa'adin biya gajere ne, wanda bai biya ba gadonsa ya koma hannun makaranta. Daga irin waɗannan gadajen ake fitar da jeri na biyu, kuma ni a ajin ƙarshe na ga ƙannena da dama sun samu ta nan. Saboda haka ko kin faɗi a zagayen farko, ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, ki faɗi nisan garinku, ki ce ba ki da dangi a garin, ki haɗa da rasit. Kwafi biyu za ki kai, a buga miki hatimi a kan ɗaya ki riƙe. Ki kuma leƙa 'yan'uwa mata na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, sukan san wadda za ta tafi horon sanin makamar aiki ko wadda ta jingine karatu.

Malamin Lissafi ya amsa:

'Yar'uwa, idan da gaske sai an rufe fom kwamfuta ke zaɓe, to wadda ta cike Litinin da wadda ta cike Juma'a daidai suke. Amfanin wuri ɗaya ne: ranar ƙarshe kowa ke tururuwa, fotal ya yi nauyi ko ya tsaya. Ki cike yau.

Batun rukuni, bari in yi misali da lambobin da na ƙaga don a gane. A ce gado 400 ya rage, ku 2,000 ne ke nema. Kowace tana da ɗaya cikin biyar. In kun haɗu ku huɗu, kuma an tsara abin da adalci, sa'arki ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, tana nan kusan ɗaya cikin biyar. Abin da ya canja shi ne an ɗaure ku da igiya ɗaya, ko ku samu duka ko ku rasa duka. In kuwa kowa ta shiga ita kaɗai, yiwuwar dukanku huɗu ku faɗi ita ce 0.8 sau 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato kusan 41 cikin 100. Kenan akwai kusan 59 cikin 100 cewa aƙalla ɗayarku za ta samu.

Na san dalilin da ɗalibai ke son wannan lissafin, don sauran su raɓa da wadda ta samu, kuma raɓe ma doka ta hana. Ban kawo shi don haka ba. Ki duba ta wannan fuskar: in kun faɗi ku huɗu tare, kuna da abokan haɗa kuɗin haya. In kun rabu, mai yiwuwa biyu su samu, ke ki rage ke kaɗai a waje. Tunda Baba bai yarda da zaman waje ba sam, wannan fa'idar ba taki ba ce. Sannan ki tambayi ofishin abu ɗaya: idan ɗaya daga cikin huɗun rajistarta ba ta cika ba, ita kaɗai ake cirewa ko rukunin gaba ɗaya? In ba su ba ki amsa ƙarara ba, ki shiga ke kaɗai.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malama, Allah ya saka wa Baba da alheri da ya tsaya sai ya ji hukunci. Kawu ma tsoron Allah ne ya sa shi magana, sai dai ƙuri'a daban, caca daban.

Ƙuri'a tana cikin Alƙur'ani. A Suratu Ali Imrana aya ta 44 an ba da labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu don a san wanda zai ɗauki renon Nana Maryam, kuma Annabi Zakariyya ne ya rene ta. A Suratus Saffat aya ta 141 an ambaci ƙuri'ar da aka yi da Annabi Yunusa a cikin jirgi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa idan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi tafiya, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita ake tafiya. Malamai suna kafa hujja da waɗannan cewa idan mutane sun yi daidai a haƙƙi, abin rabawa kuma bai isa ba, ana iya raba gardama da ƙuri'a.

Caca kuwa ita ce ka zuba dukiyarka, in ka ci ka kwashi ta wasu, in ka faɗi taka ta tafi. A bayaninki ba ki biyan komai don shiga, sai sunanki ya fito sannan ki biya kuɗin gadon da za ki kwana a kai. Wanda ya faɗi bai yi asarar ko kwabo ba. Ki karanta wa Baba wannan, shi kuma ya tuntuɓi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa don zuciyarsa ta natsu.

Inda ni nake jin tsoro shi ne cinikin da Kawu bai ji labarinsa ba. Wadda aka ba gadon ta sa hannu cewa ita za ta zauna, ba za ta sayar ba. Ke kuma kullum za ki wuce ƙofa da katin da ba naki ba. Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Kuma gadon da ta riƙe ba ta buƙata, da ta mayar da shi, cikin ƙuri'arku zai shiga, wataƙila ma ke ya faɗo wa a kan kuɗinsa na asali.

Baba Ɗan Samaru ya amsa:

'Yata, na karanta saƙonki sau biyu. Ni a 1979 na shiga Jami'ar Ahmadu Bello, shekara guda bayan rikicin "Ali Must Go" na 1978, wanda ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗalibai na yini ya tayar. A hostal ɗin Suleiman na zauna. A lokacin ɗalibai ba su da yawa, muna cin abinci a kafteriya da tikiti, kuma ban taɓa jin an ce wani ya sayi gado a hannun wani ba. A 1984 aka soke ciyarwar, daga nan risho da tukunya suka shigo ɗakuna.

Shekara da shekaru kuɗin gado na hukuma a jami'o'in tarayya naira 90 ne. Mu iyaye mun ji daɗin arhar, amma kuɗin da ba ya sayen kwan fitila ba zai gina sabon bene ba. Ɗalibai suka yi ta ninkuwa, gine-ginen na nan yadda muka bar su. Abin da ake sayarwa da arha alhali bai isa ba, dole a samu mai saye ya sayar a bayan fage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Gidauniyar Dangote ta miƙa wa jami'armu rukunin gidajen kwana guda goma masu ɗaukar ɗalibai 2,160 a 2019 na yi murna ƙwarai, na je na gani da idona. Amma ki auna wannan adadin da dubban da ake ɗauka kowace shekara. Ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, wanda ya dagula kalandar makarantu ya tara ɗalibai a kan juna. Ɗana a lokacin hayar shekara ya biya a wajen makarantarsu, ta ƙare yana zaune a gida.

A matsayina na uban 'ya'ya mata uku, ga abin da nake so ki yi. Ki kira mahaifinki da kanki, ba ta bakin Mama ba. Ki gaya masa komai, har da maganar mai sayar da gadon. Sharaɗin da ya sa miki tsoro ne ya sa shi, ba ƙin karatunki ba. In ya ga kin kawo masa matsalar tun kafin ta faru, tare za ku nemi mafita. Kusan duk babban gari a ƙasar Yarabawa akwai unguwar Sabo, akwai Sarkin Hausawa. Mai sayar da hatsi a Funtuwa ba zai rasa abokin ciniki mai iyali a can ba. Ya fara tambaya tun yanzu.

Na Boston ya amsa:

Nan Amurka ma ana yin ƙuri'ar, 'yar'uwa. A makarantu da yawa, wajen watan Maris ko Afrilu kwamfuta ke ba kowane ɗalibi lamba, manyan aji a gaba, lambar ce ke nuna ranar da sa'ar da zai shiga ya zaɓi ɗakin shekara mai zuwa. A Harvard da ke maƙwabtaka da mu, 'yan aji ɗaya kan haɗa rukunin da bai wuce mutum takwas ba, a jefa su ɗaya daga cikin gidaje goma sha biyu, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 aka daina barin ɗalibi ya zaɓi gidan da kansa. Bambancin shi ne a can kusan kowa na da gado, ƙuri'ar tana nuna wane gida ne kawai. Ku taku tana yanke ko mutum zai ci gaba da karatu ko zai koma gida. Shi ya sa nake ganin bai kamata a jefa wadda ta zo daga Funtuwa cikin kwarya ɗaya da wadda gidansu ke bayan katangar makaranta ba.

Ɗan Aji Huɗu ya amsa:

Ku yi haƙuri manya, duk na yarda da ku, amma ni sau biyu ina faɗuwa ƙuri'a a makarantarmu, kuma sau biyun ina ganin waɗanda ko fom ba su cike ba suna shiga da katifa. Wa ya ga lokacin da kwamfutar ta yi zaɓen? Ƙanwata, ku matsa wa ƙungiyar ɗalibanku ta nemi a faɗi adadin gadajen da aka sa a ƙuri'a kafin a jefa, a yi zaɓen a gaban wakilanku, a kafe sunayen a allo. In an ce 400 aka kafe 250, kowa zai tambayi ina sauran. Ban ce ki saya ba. Amma waɗanda ke saye ba duka ne marasa tsoron Allah ba, wasu ba su da Sabon da za su je.

'Yar Funtuwa ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne sai da sakamako ya fito.

Anti, da na duba fotal a daren nan sai na tarar kuɗin makarantata bai nuna ba, ga rasit a jakata tun wata guda. Kwana biyu na yi ina zirga-zirga a ofishin kuɗi kafin a gyara. Da ban duba ba, da sunana bai ma shiga ba, ina can ina jiran sa'a. Na gaya wa 'yan ajinmu, aka samu mutum uku masu irin matsalar.

Ofishin ba su ba ni amsa a kan rukuni ba, don haka kowa ta shiga ita kaɗai. Cikinmu huɗu ɗaya ce ta samu, kuma ba ni ba ce. Na yi kuka sosai ranar, ba zan ɓoye ba.

Baba Ɗan Samaru, na kira Baba kamar yadda ka ce. Na karanta masa bayanin Malam Almajirin Zaure, ya kai wa limaminsu, liman ya ce haka ne. Da na faɗa masa maganar mai sayar da gado ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da na karɓa ya ji a bakin wani, da ba zai ƙara yarda da ni ba. Washegari ya kira wani Alhaji da yake tura wa masara a Sabo. Matarsa ta zo da kanta har ƙofar makaranta ta ɗauke ni, ta ba ni ɗaki tare da 'yarta. Mota biyu nake hawa, kusan awa guda idan akwai cunkoso, kuma sharaɗin Baba shi ne in kasance a gida kafin magariba, don haka karatun dare a aji ya tsaya. Ranar da muke da aikin ɗakin gwaji har ƙarfe shida, Hajiya na turo ɗanta ya jira ni a tasha.

Na kai takardata kwafi biyu, an buga mini hatimi. Yaya Ɗan Aji Huɗu, na kai maganarka ga wakiliyar hostal ɗinmu, ta ce za ta tayar da ita a zamansu na gaba. Wa'adin biya na waɗanda suka ci ya ƙare jiya, Litinin za a kafe jeri na biyu. Baba ya turo kuɗin gadon, suna asusuna ban taɓa ba.

Ita kuwa 'yar ajin ƙarshen, na ce mata na fasa tun ranar Talata. Kafin la'asar ta sayar wa wata 'yar ajinmu da ta zo daga Yola.